Hular Kwanon Baba: Yadda Za Ka Gane Irinta, Shekarunta da Kan da Ya Sa Ta

A gidanmu hulunan kwano biyu ne. Ɗaya mai zurfi, tun ina yaro nake ganinta a gindin rumbu ana zuba wa kaji ruwa, kowa kuma ya san ita ce "hular da Baba ya dawo da ita daga Bama". Ɗayar ba mu san da zamanta ba sai bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, ranar da aka buɗe adakarsa don rabon gado. Faffaɗa ce marar zurfi, kamar an kife tasa, an naɗe ta cikin tsohon bargo tare da littafin sallamarsa da lambobin yabo. Da na zauna na bi su a tsanake sai labarin ya juye. Ta kajin an buga mata 1953 a ciki, shekara takwas ke nan bayan an gama yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau. Ta Baffa ce, ƙaninsa, wanda ya yi yaƙin basasa. Ta cikin adakar ce ta Baba, an buga mata 1941.

Abin da na koya a wannan bincike shi zan shimfiɗa a nan, daki-daki, ga duk wanda ya gaji irin wannan hula daga mahaifi ko kaka ɗan mazan jiya.

Mataki na farko: ka riƙe hannunka

Abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka wanke ta tas, ka goge tsatsar, wataƙila har ka kai wa mai fenti. Kada ka yi. Ni na yi, kuma har yau ina cizon yatsa. Na sa toka da soson ƙarfe na dirje gefen hular Baba, sai da na ci rabi na lura akwai wani farin rubutu a ƙarƙashin daudar. Lambarsa ta soja ce. Haruffa biyu da lamba ɗaya suka tsira, sauran sun bi ruwan wanki.

Kafin ka taɓa komai, abu biyu. Na ɗaya, hular tana cikin gado, ko da 'yan'uwanka suna kallonta a matsayin tarkace. Ka faɗa musu kana so, a yi mata kuɗi a cikin rabonka ko su bar maka da bakinsu a gaban shaidu. Abin da aka raina yau, ranar da wani ya ji ana sayensa da dala zai zama rigima. Na biyu, ka duba adakar da kyau. Tsofaffin sojoji sukan ajiye harsashi, wani lokaci har da abin da ya fi harsashi. In ka ga wani ƙarfe da ba ka gane ba, mai kama da gurneti ko kan bam, kada ka jijjiga shi, kada ka ba yara su kai bola. Ka fitar da mutane daga ɗakin ka sanar da 'yan sanda, suna da sashen kwance bam. Tsufa ba ya kashe irin waɗannan abubuwa, ƙara musu saurin fushi yake yi.

Mataki na biyu: hoto, da bakin tsofaffi

Ka fitar da hular inuwa mai haske, ka ɗauke ta hoto da waya ta gaba, ta baya, ta gefe biyu, ta sama, sannan ka kifar da ita ka ɗauki cikinta. Duk wani rubutu, huda, lotsawa ko ɗinki, ka matso kusa ka ɗauka. Ka sami littafi ka rubuta inda aka same ta, da abin da ke tare da ita, da ranar.

Daga nan ka nemi tsofaffin gida tun suna nan. Kada ka ce, "Inna, wannan ita ce ta Bama ko?" domin za ta ce maka e, don ta sallame ka. Ka ce, "Inna, yaushe kika fara ganin wannan hular a gidan nan? Kafin haihuwar wane ko bayanta?" Mata ba sa manta lissafin haihuwa. Da irin wannan tambayar Gwaggo ta warware mana zancen hular kaji. Cewa ta yi, "Ai wannan Baffanku ne ya zo da ita shekarar da aka gama yaƙin Ojukwu, ina goyon autana." Wato 1970.

Mataki na uku: siffa

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kansa.

*Mai kama da tasa.* In hular ba ta da zurfi kuma tana da faffaɗan gefe da ya zagaye ta, to ta gidan Ingila ce, irin da ake kira Brodie, da sunan mutumin da ya ƙirƙiro ta a 1915. Wadda aka fi samu a gidajenmu ita ce Mk II, da aka fara ƙerawa a 1938, ita ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin Hitila in ji tsofaffi. Alamominta: noti guda ɗaya tak a tsakiyar kai wanda ya riƙe kayan ciki, siririn ƙarfe da aka naɗe bakinta da shi, kayan ciki na baƙin yadi mai sheƙi da aka yanka harshe-harshe, da maɗaurin haɓa na kaki wanda in ka matsa gefensa za ka ji sifirin a ciki. Nauyinta kilo ɗaya da ɗan wani abu.

Ka duba gefen ko akwai huda. Ƙananan huda uku a jere a bayan hular alama ce ta ƙirar Afirka ta Kudu. In kuma bakin ba a naɗe shi da komai ba, yankakken ƙarfe ne tsirara, ana samun haka a ƙirar Ostareliya. Akwai kuma waɗanda Ingila ta yi da ƙarfe mai rauni don masu gadin gida da 'yan kwana-kwana, ta huda musu gefe kusa da maɗauri, daga huda ɗaya zuwa huɗu, don kada a kai su fagen daga.

*Mai kama da bayan kunkuru.* Ta fi zurfi, ta zubo ta baya ta rufe ƙeya. Ita ma ta Ingila ce, Turawan ma kunkuru suke ce mata. Iri biyu ce. Mk III ta fito a 1944, ƙusoshin maɗaurinta suna can sama a jikin kwanon, kuma har yanzu noti ne a tsakiyar kai. Mk IV ta biyo baya a 1945, ƙusoshin sun sauko kusa da baki, kuma babu huda a tsakiya, wani maɓalli ne a ciki ake ɓalle kayan cikin da shi. An yi haka ne don soja ya iya cire kayan ciki ya ɗebi ruwa da kwanon. Ka ga dalilin da ya sa ta Baffa ta yi shekara da shekaru tana riƙe ruwan kaji, abin da ta Baba ba za ta iya ba ko na minti biyar. An ci gaba da ƙera Mk IV bayan yaƙi, sojan Ingila bai rabu da ita ba sai cikin shekarun 1980, saboda haka ganinta kaɗai ba ya nufin Bama.

*Mai kama da tukunya, biyu a haɗe.* In ka ja cikinta sai wata hula marar nauyi ta zaro daga cikin ta ƙarfen, to M1 ce ta Amurka, ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta. Amurka ta fara ta a 1941 ta yi sama da miliyan 22 kafin yaƙi ya ƙare. Ka bi siririn ƙarfen bakinta da yatsa har ka ji inda ya haɗu. In mahaɗin yana gaba, wajen goshi, ta farkon yaƙi ce zuwa ƙarshen 1944. In yana baya, daga nan ne zuwa sama. Ka duba kunnuwan da maɗauri ke shiga: na farko a manne suke ba sa motsi, daga 1943 aka koma masu lilo. Sai dai a yi hattara, bayan yaƙi ƙasashe da yawa sun kwaikwayi M1, irin su Beljiyam, Holan, Ostiriya da Jamus ta Yamma, kuma ba kowa ke iya bambance su da kallo ɗaya ba. In ta cikin ce kaɗai ka samu, an shafe ta da shuɗin fenti da haruffan UN ko ONU, to ka tambaya ko tsohon ya je Kwango, inda sojojin Nijeriya suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. Sunan barikin Bukavu na Kano daga can ya samo asali.

*Mai zanko.* 'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda iyayensu suka yi wa Faransa soja, su za su fi cin karo da wannan. Sunanta Adrian, tana da wani tudu kamar zankon zakara daga gaba zuwa baya, da tambari a goshi. Tambarin anka, ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, shi ne na rundunonin ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ta 1915 gunduwa-gunduwa aka haɗa ta, za ka ga mahaɗin inda gefe ya haɗu da kwano. Ta 1926 kwano da gefe ƙarfe ɗaya ne, zankon kawai aka ɗora. Wanda ya yi yaƙin Aljeriya kuwa, tasa ta 1951 ce, mai kama da ta Amurka, biyu a haɗe.

*Ta abokan gaba.* Soja yakan dawo da ganima. Ta Japan tana da tauraro mai tsini biyar a goshi, ƙananan hudojin iska a sama, matasai uku na fata a ciki, kuma da igiyar yadi ake ɗaure ta, ba bel ba. Ta Italiya, M33, sumul take ba gefe sosai, da ƙusoshi uku masu huda a tsakiya don iska. Tana iya fitowa daga gidan wanda ya yi yaƙin Habasha, domin birged ta 23 ta Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941 ta wuce har Harar. Ta Jamus kuwa, mai saukowa ta rufe kunne, in ka gan ta a gidan tsohon sojan Bama ka ƙara bincike, don ba Jamusawa suka yaƙa a can ba.

In hular ba ƙarfe ba ce, wani abu ne mai kauri kamar busasshen tamfol, to ta zamanin baya-bayan nan ce, daga shekarun 1980 zuwa sama. Wannan zancen Laberiya da Saliyo ne, ba na Hitila ba.

Mataki na huɗu: tambari da maganaɗisu

Ka shiga ɗaki mai duhu da tocila. Kada ka haska kai tsaye, ka kwantar da hasken a gefe yadda zai shafi ƙarfen a karkace, sai rubutun da aka buga ya fito da inuwarsa. A Mk II ka duba ƙarƙashin gefe, kusa da inda maɗauri ya kama. Za ka ga haruffan maƙera da shekara. BMB kamfanin Briggs Motor Bodies ne na Dagenham, masu ƙera jikin mota da yaƙi ya mayar maƙeran hula. JSS na Joseph Sankey ne, HBH na Harrison Bros & Howson, F&L na Fisher & Ludlow, RO&CO na Rubery Owen. GSW ko CL/C ƙirar Kanada ce. Kayan ciki ma suna da nasu tambarin a kan maratayan da suka gicciye a tsakiya: girman kai, kamar 6¾ ko 7, da shekara. Kada ka damu in shekarar kwano da ta kayan ciki sun saɓa da shekara ɗaya ko biyu, wurare daban-daban ake yin su, kuma ana canza na ciki in ya lalace. A M1 lambar tana ciki wajen goshi. In akwai harafin S a tare da ita ƙirar kamfanin Schlueter ce, in babu galibi ta kamfanin McCord ce.

Sai ka ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifikar rediyo ka ɗora a kan kwanon. Hulunan yaƙi na Ingila da na Amurka da wani ƙarfe mai manganis aka yi su, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. In ya zame ya faɗi, alama ce mai kyau. In ya manne ƙam a kan mai kama da tasa, to ko dai irin ta masu gadin gida ce, ko kwaikwayo. Wannan gwaji bai shafi ta Jamus ba, ita tana kama maganaɗisu ko da ta gaske ce.

Ka tuna, shekarar da ke jikin ƙarfe ranar haihuwar hular ce kawai. Hular 1941 tana iya kwana a sito shekara ashirin kafin a ba wani kurtu. Abin da tambari ke iya yi da tabbaci shi ne ya ƙaryata: hular 1953 ba ta je yaƙin 1944 ba, ko wa ya faɗa.

Mataki na biyar: haɗa hula da mutum

Nan takardu ke shigowa. Littafin sallama zai ba ka lambar soja, bataliya, ranar shiga da ranar fita. Lambobin sojan Nijeriya na wancan yaƙi da NA suke farawa, na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da GC. Haruffa biyun da suka tsira daga soson ƙarfena NA ne, lambar da ta biyo su kuma ta dace da ta farko a littafin Baba. Da wannan ɗan guntun na samu natsuwa.

Ka duba sauran kayan adakar. Bajen kafaɗa mai baƙin gizo-gizo a kan rawaya na runduna ta 81 ne, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Mai māsu biyu a gicciye a kan gammo na runduna ta 82 ne, kuma gammon ba ado ba ne: a dazukan Arakan, inda mota ba ta shiga, a ka aka yi dakon harsashi da abinci. Rundunonin biyu sun haɗu a kan garin Myohaung a Janairun 1945. Tambarin tagulla mai bishiyar kwakwa na RWAFF ne, rundunar Afirka ta Yamma baki ɗaya, wadda Hausa ce harshen aikinta a ɓangaren Nijeriya. Lambar yabo mai siffar tauraro, da ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, ta Bama ce. Mai ƙyalle ruwan yashi da jan layi a tsakiya ta Afirka ce. In tsohon yana yawan ambaton Chindit, ba barikin Zariya kaɗai yake nufi ba: bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 na Nijeriya sun shiga wannan runduna da aka sauke a bayan layin Japan a 1944.

Wani abu da ya kamata a faɗa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ka duba hotunan sojojinmu a Bama, yawancinsu malafar yadi ce a kansu, mai naɗaɗɗen gefe ɗaya, domin hular ƙarfe azaba ce a zafin kurmi. Ranar faretin girma kuma jar dara suke sawa. Sannan hular kwano kayan gwamnati ce, ana karɓe ta ranar sallama. Saboda haka ba kowane ɗan Bama ne ya dawo da ita ba, kuma wadda ke gidanku tana iya zama ta aikin da ya yi daga baya, ko ta wani ɗan'uwa, kamar yadda ta faru da mu. Wannan bai rage wa tsohon komai ba. Ka rubuta abin da ka tabbatar a matsayin tabbas, abin da aka ce kuma ka rubuta "an ce".

Don ƙarin haske, ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion na jiharku wuri ne na fara tambaya, musamman gab da 15 ga Janairu da ake taron tunawa da su. In kana neman wanda bai dawo ba, shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission yana da sunayen waɗanda suka kwanta dama, har da waɗanda aka rubuta a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Ka fi dogara da lamba a kan suna, domin magatakardan soja sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, kuma da yawa an yi musu rajista da sunan garinsu ne.

Mataki na shida: tsafta da ajiya

Yanzu ne za ka iya taɓa ta, da sauƙin hannu. Buroshi mai laushi, irin na fenti sabo, ka kaɗe ƙura. In akwai laka, ɗan tsumma mai danshi kaɗan, ka shanya nan take. Ba omo, ba sanfefa, ba baƙin mai, ba man ja. Tsatsar da ta yi baƙi ta kwanta, ka bar ta, ta gama cin abin da za ta ci. Mai ja wadda ke barin gari a yatsa ita ce mai rai: ka kaɗe garin a hankali, ka shafa ɗan kakin adana kayan tarihi, irin Renaissance Wax, shafa ɗaya siririya. Kada ka kwance notin tsakiya in ya ƙi, zai karye ne. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma hulunan Ingila na yaƙin farko suna da wani farin abu mai cutar da huhu, asbestos, a ƙarƙashin matashin tsakiya. Wannan ma dalili ne na barin kankara da tone-tone, da wanke hannu bayan an gama.

Yanayinmu yana cin hula ta fuska biyu. Damina tana kawo tsatsa da fumfuna, hunturu yana busar da fata da roba har su farfashe. Kada ka rataye ta a ƙusa da maɗaurinta, zai tsinke. Kada ka ɗaure ta a leda, gumi za ta yi. Kada ka ɗora ta a saman sif dab da rufin kwano. Ka naɗe tsumma mai tsabta ka yi mata gammo, ka ɗora ta a kai yadda nauyin zai sauka a tsakiyar kwanon, a cikin kabad, nesa da ƙasa saboda gara. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka tara ka zuba kusa da ita. Takardun kuma ka yi musu hoto, ka ajiye na asali daban. Ka rubuta tarihin hular a kati ka ɗaura da zare, kada ka rubuta a jikinta.

In sha'awar ta kama ka

Mai hula ɗaya yakan so ta biyu. Wurin samu a nan ba kanti ba ne, wajen 'yan gwangwan ne da 'yan jari-bola, inda ake auna su a sikeli da kuɗin ƙarfe. Ka bar lambarka wurin biyu ko uku daga cikinsu, ka nuna musu hoto. In ka saya, ka tambayi daga wane gari ko wane gida ta fito ka rubuta, ko da amsar guntuwa ce. A intanet kuwa jabu sun yi yawa, musamman na Jamus, inda ake manna sabon tambari a tsohon kwano a tsufar da shi da gangan. Ka shinshina: tsohuwar hula ba ta warin sabon fenti. Ka duba ko tsufan ciki da na waje sun yi daidai. In kana son ganin kayan yaƙin basasa da idonka don kwatance, gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia.

Doka ta hana farar hula sa kayan soja, don haka kada wani yaro ya ɗauke ta ya hau babur da ita. In za ka yi tafiya da ita, ka sa ta a jaka tare da kwafin littafin sallamar, saboda shingen bincike. In wani ya zo da maganar fitar da ita waje, ka fara tuntuɓar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kan izini.

Ta Baffa na mayar wa 'ya'yansa, bayan na saya wa kajin Gwaggo sabon kwano na roba. Sai da ta yi mita kwana biyu, wai na roba iska ke kifar da shi.